Sirrin Malama Luba a Bakin Lasifika

Ranakun aiki da yawa sun shige mini kamar ba a yi su ba, amma ban taɓa mantawa da Litinin ɗin da hedimastanmu ya ɗauki lasifika ya tona wa Malama Luba asiri a gaban 'yan makaranta ba. Ku da kuka fara koyarwa kwanan nan, gobe wasunku za su hau kujerar shugabanci, shi ya sa nake son ku ji labarin daga bakin wadda aka yi a gabanta. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, kuma ba na ɓoyewa.

Lokacin ina mataimakiyar hedimasta a wata firamare cikin garin Bukkuyum. Aikin mataimaki, ga wanda bai sani ba, shi ne duba tsarin darasin malamai, raba azuzuwa, da toshe gurbi in wani bai zo ba. Maganar hutu kuwa ta hedimasta ce, shi yake amincewa ya tura wa sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Hedimastanmu, Malam Bawa, ba mugu ba ne, wannan ko a gaban alƙali zan shaide shi. Mutum ne mai son jama'a, mai saurin hawaye, mai son magana. A shekarar ne aka kawo mana lasifika mai batir, ya kuwa rungume ta kamar 'yar da ya haifa. Ko cewa zai yi a share fili, sai ya hura ta tukuna ya ce gwaji, gwaji.

Malama Luba ita ke riƙe da aji ɗaya, ajin da kowa ke gudu saboda majina da kuka. Mace ce marar hayaniya, mai tsari a komai. Wata rana bayan an tashi ta tsayar da ni a ajinta, ta turo ƙofa, ta ce mini ta daɗe tana jin ƙullutu a nononta na dama. Ta je asibiti a Gummi, suka tura ta Sakkwato, aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne. Likitocin sun ce bai yi nisa ba. Sun ba ta ranar tiyata a ƙarshen bazara, za su cire nonon, daga baya a bi da magani. Ta faɗi duk wannan idonta a bushe. Ni ce ma na zauna a kan bencin yara ina share fuska da gefen hijabi.

Na tambaye ta wa ya sani. Ta ce mijinta Malam Isa, sai ni.

Na ce, "Inna fa?"

Ta ce, "Yaya Kulu, Inna ita ce aikin. In taj ji shi ga bakin da bai dace ba, wallahi ba ta bari a taɓa ni."

Innarta tsohuwa ce, tana zaune a Nasarawa Burkullu, kuma Luba ce kaɗai 'ya mace da ta rage mata. Yayar Inna a kan gadon fiɗa ta rasu wajen haihuwa, tun daga nan tsohuwar ta ɗauki wuƙar likita da mutuwa abu ɗaya. Ga kuma abin da kowa ke faɗa a ƙauyukanmu, wai daji ba ya son ƙarfe, da an taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu. Amma Luba ta san uwarta, ta kuma shirya dabararta. Inna tana da ƙanwa a Gwashi, wadda Luba ke kira Yafendo. An taɓa yi wa Yafendo tiyatar maƙoƙo, ga ta nan garau tana noman gyaɗarta, kuma ita kaɗai ce in ta yi magana Inna ke saurara. Luba ta yi niyyar ɗauko ta su je tare, su kwana biyu, Yafendo ta fara nuna tabon wuyanta ana hira, sannan a shigo da maganar a hankali. Abin da Luba ke nema bai wuce ɗaya ba: ta shiga ɗakin tiyata a ranar da aka ba ta, da albarkar uwarta.

Makonnin da suka biyo baya na ga yadda mace ke shirya wa ciwo kamar mai shirin tafiya. Gidajenmu ba nisa, da la'asar nakan leƙa. Ma'aikaciyar jinya a Sakkwato ta gaya mata bayan tiyata hannun dama ba zai ɗagu sama ba na wani lokaci, don haka ta kai wa tela atamfofinta ya yi mata riguna masu maɓalli a gaba. Ta sauko da tukwane da kwanuka daga saman kanta ta jera su ƙasa inda hannu zai kai. Ta sa aka surfa gero da dawa, aka niƙa, ta shanya garin ta ɗure a robobi, ta daka kuka da kuɓewa busasshiya, don kada yaranta su wahala in tana kwance. An ce jininta ya yi ƙasa, sai ta dage da zogale da hanta da wake, alhali ita ba mai son hanta ba ce, tana ci tana yamutsa fuska. An ce ta zo da masu ba da jini, Malam Isa ya samo ƙannensa biyu, ya ce musu kawai matarsa za a yi wa aiki. In ranar awo ta zo, motar sassafe take bi ta dawo kafin yamma, don kowa ya san hanyarmu ba a yi mata dare. A makaranta kuma ta zauna ta rubuta darussan zango guda gaba ɗaya, don wanda zai karɓi ajin kada ya dagula mata yara.

Har koyon rubutu da hagu ta fara a allo. Yara suna dariya, ita ma tana dariya, ba wanda ya san dalili.

Saura hutu. A ƙa'ida malami ba ya ɗaukar dogon hutun jinya sai hedimasta ya san dalili, don shi za a tambaya a ofishin ilimi. Ni na raka ta ofishinsa ranar wata Alhamis. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta yi masa bayani a taƙaice, kanta a ƙasa, don ba ƙaramin abu ba ne mace ta ambaci wannan wuri na jikinta a gaban namijin da ba mijinta ba. Malam Bawa ya yi salati, hawaye suka zubo masa. Ta ce, "Ranka shi daɗe, amana ce. Ko Innata ban hwaɗa ma ba tukuna." Ya dafa ƙirji ya ce ta kwantar da hankalinta, shi uba ne gare ta.

To, makarantarmu tana da al'ada, kuma al'ada ce mai kyau. Duk Litinin a taron safe, bayan an duba farce da wanka, hedimasta yakan yi sanarwar abin da ya samu ma'aikata: wanda aka yi wa haihuwa, wanda aka yi wa rasuwa, wanda ke kwance. Sai yara su ɗaga hannu a yi addu'a. Ni kaina da mahaifina ya rasu, addu'ar yaran nan ta sanyaya mini rai. Amma haihuwa da rasuwa abu ne da gari ya riga ya sani.

Litinin ɗin nan muna tsaye, kowane malami a bayan layin ajinsa. Malam Bawa ya hura lasifika, ya gyara murya, ya ce, "Yara, ku natsu. Malamarku ta aji ɗaya, Malama Luba, Allah ya jarrabe ta da ciwon daji ga nono. Likitocin Sakkwato sun ce yanke shi za su yi. Ku ɗaga hannuwanku mu roƙa mata Allah."

Lasifikar nan har bakin titi ake jin ta. Masu tallar ƙosai da ke jikin katanga sun ji, masu kabu-kabu da ke inuwar dalbejiya sun ji. Yaran makaranta kaf suka juyo, kuma ba fuskarta suka kalla ba. Na ga Luba ta ja hijabinta ta naɗe hannuwa a ƙirji, ta tsaya ƙyam har aka shafa. Sannan ta kaɗa yaranta zuwa aji kamar kullum. Ni kuwa ban san lokacin da na isa ofis ba.

Na ce, "Malam, mi kay yi haka? Ba a gabana tac ce maka amana ba?"

Ya dube ni da mamaki na gaskiya, wannan ne ma ya fi ƙona mini rai. Ya ce, "Malama Kulu, cewa tay yi ba ta hwaɗa ma Innarta ba. To ni na hwaɗa ma Innarta? Addu'ar yara ba ta da shamaki. Ciwo kuma ba abin kunya ba ne, daga Allah yake."

Na ce, "Yaran ga da ka tara, gidan wa za su in an tashi? Uwayensu ba su zuwa kasuwa?"

Ya ce in ji tsoron Allah, kada in hana baiwar Allah alheri. Na fito na bar shi yana goge lasifikarsa da hankici.

Kafin la'asar gidan Luba ya cika. Dubiya ce, ba mai hana ta, ba kuma mai korar wanda ya zo. Mata suka riƙa shigowa rukuni rukuni, kowace da ƙullin magani a bakin zane: wannan sassaƙe, wannan garin shafawa, wannan hayaƙi. Kowace kuma da labarin wata da aka yanka ba ta tashi ba. A gabana wata ta ce mata, "Ke dai ki nemi gahwarar mutane." Matar da likita ya ce ta huta ta tara jini, ita ce ta koma hura wuta tana dama wa baƙi kunu. Garin da ta tanada don kwanciyarta, a cikin 'yan dubiya ya ƙare. Na yi faɗa har na gaji, ta ce in bari, ba ta iya barin baƙo da yunwa.

A ranar ta aika a ɗauko Yafendo, amma saƙo zuwa Gwashi ba ya sauri, waya ba kullum take shiga ba. Kasuwar Nasarawa ta riga ta ci. Wata mai daddawa da ta tashi daga Bukkuyum ta hangi Inna tana sayen gishiri, ta matso ta yi mata jaje, ta ce Allah ya sa kaffara ne, ai sun ji za a yanke wa Malama nono.

Washegari ina gidan muna ɗinke wani maɓalli da ya ɓalle, sai ga Inna a bayan babur, ƙafafunta fari fat da ƙasar hanya. Ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Tsakar gida cike da mata, ta tsaya a tsakiya ta ce, "Ke Lubabatu. Ni za ki mai da baƙuwa? Mai daddawa ta san ciwon ɗiyata, ni da nih haihe ki sai cikin kasuwa za ni ji?"

Luba ta durƙusa ta ce, "Inna, ki yi haƙuri, mu shiga ɗaka in yi miki bayani."

"Babu ɗakan da za ni shiga. Ɓoye min kika yi don su yanka ki in ga gawa, kamar yadda anka yi ma Yaya. Daji ba ya son ƙarhe, kowa ya sani." Sai ta dafa ƙirjinta ta ce, "In kika bari anka sa miki wuƙa, ban yahe miki nonon da kika sha ba."

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san nauyin wannan magana. Malam Isa yana zaure yana ji, amma surukarsa ce, ko ido ba ya haɗawa da ita, balle ya ja da ita a gaban mata. Na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, likitoci sun ce yanzu ne lokacinsa." Ta ce, "Ɗiyata, ke kika haihe ta?"

Yafendo ta iso bayan kwana biyu, ta buɗe wuyanta ta nuna tabo, ta yi lallashi, ta yi faɗa. Daga baya ita da kanta ta ce mini da a ɗaki aka fara maganar, su uku, da ta shawo kanta kafin a sauke tukunya. Amma tsohuwa ta riga ta furta a gaban jama'a, ga tsoro, ga zafin an ɓoye mata. Ta kafe. Luba kuwa ta ce ba za ta kwanta a gaban wuƙa da fushin uwa a kanta ba, ko da za ta tashi. Ban goyi bayanta ba, na gaya mata, amma na fahimce ta. Ta ninke rigunan nan masu maɓalli ta zuba a akwati, ta bi Inna Nasarawa wurin wani mai maganin daji. Ranar tiyata ta zo ta wuce tana can.

Na tafi ofishin ilimi na kai ƙara. Jami'in da na samu ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya yi murmushi ya ce, "Hajiya, ai alheri yay yi nuhi. Wace doka ya taka?" Na ce ba a rubuta ta ba don an ɗauka duk mai hankali ya san ta. Ya ce in sassauta, mu mata da ɗaukar zafi. Maganar ke nan, ba a ko kira Malam Bawa an tambaye shi ba.

Ruwa ya sauka, hanya ta lalace. Sai tsakiyar damina na samu na je Nasarawa, rabi a babur rabi a ƙafa cikin taɓo. Na tarar da Luba ta rame, an shafe mata ƙirji da wani baƙin haɗi mai warin ƙauri, wurin ya kumbura ya fara tsagewa. Inna ce ke wanke mata da hannunta safe da yamma. Tsohuwar nan ba ta barci, ta sayar da tumakinta ta kai wa mai magani, duk abin da ta sani na so ta yi. Da na gaishe ta ba ta yi mini gardamar komai ba, sai ta ce, "Malama, wurin ga ba ya jin magani." Idonta ya riga ya gaya mata.

Da kaka ta yi, ita Inna da bakinta ta ce a koma Sakkwato. Ta tara waɗanda ke gidan ta ce ta janye maganarta, ta yafe duniya da lahira. Ta bi su har asibitin, tana kwana a tabarma a baranda. Sai dai abin da aka tarar ba shi aka bari ba. Likita ya ce ciwon ya kai hammata, yanzu ba a fara da tiyata, sai an yi ta ƙarin ruwan magani ta jijiya tukuna ya lafa. Maganin ya zubar wa Luba da gashi, ya hana ta cin abinci, ya mai da ita kamar ba ita ba. Bayan watanni aka yi tiyatar, aka cire nonon har da abin da ke hammata. Ni ba likita ba ce, ba zan ce ga abin da zai faru da an yi a ranar farko ba. Amma ina wurin likitan ya ce mata, "Malama, da kin zo lokacin da muka ce, da ba ki sha wannan wahala haka ba."

Allah ya yi da sauran kwananta. Ta dawo aiki a shekara ta gaba, hannun dama a kumbure, ba ya ɗaga ko tulun ruwa, kuma har yau tana zuwa Sakkwato ana dubawa, kowace tafiya da fargabarta. Litinin ɗin da ta dawo, Malam Bawa ya ɗauki lasifika zai yi wa yara albishir cewa Allah ya karɓi addu'arsu. Na miƙa hannu a gaban kowa na zare batirin na sa a jakata. Ya yi kwana da kwanaki ba ya amsa gaisuwata, ban kuwa rasa barci ba. Har ya yi ritaya bai yarda ya yi kuskure ba.

Abin da na koya game da aikinmu shi ne, mu malamai bakinmu ne jarinmu. Mun saba duk abin da muka sani mu tsaya gaban jama'a mu faɗa, har mukan manta akwai sanin da ba namu ba ne. Abin da na ƙasa da kai ya gaya maka don dole, saboda sai da sa hannunka zai samu hutu, ba kyauta ya ba ka ba, ajiya ce. Kuma mutanenmu suna da tausayi, wannan gaskiya ne, amma tausayin da ba ya tsayawa ya tambayi mai ciwo me yake so, ni na ga ɓarnar da yake yi. Mai ciwo ya fi kowa sanin gidansu, ya san wa za a fara gaya wa, da bakin wa, a wane ɗaki.

Inna ba ta daɗe ba bayan tiyatar. Da na je wa Luba gaisuwa, muna zaune mu biyu bayan mutane sun ragu, na ga tana matsa hannun nan mai kumburi, na tambaye ta ko yana damunta. Ta girgiza kai.

Ta ce, "Yaya Kulu, hannu ai na saba da shi. Abin da ba ya barina shi ne Inna. Tun daga Sakkwato har ranar da ta cika, kullum sai ta kama ƙahwata ta ce in yahe mata. Ita da ta haihe ni. Ina ce mata ba ta yi min komi ba, ba ta yarda. Da an bar ni na hwaɗa mata da kaina, da tsohuwar ga ta mutu da sanyin rai."